Sunana a Rumbun

Mu huɗu muka fara rumbun a intanet, a shagon Uthman na Jigwada, saboda shi ke da sola. Aikin shi ne tara ƙananan manhajoji masu karanta saƙon da kwamfutoci ke aika wa juna bisa ƙa'idojin intanet. Kowace ƙa'ida da ɗakinta, wanda ke so ya ɗauka kyauta.

Kwamfuta ɗaya ce mai batir a cikinmu, ta Zainulabidin. Duk wanda ya gama nasa sai ya kawo a filashi, a tura daga can. Ni Magdalena, da nake koya wa yara kwamfuta a Sabon Gari, ban taɓa tunanin kowane layi da sunan mai kwamfutar yake shiga ba. Wautata kenan.

Ni na rubuta na imel gaba ɗaya, ni na tsara ɗakunan. Shekara biyu, duk Asabar ina zuwa shagon a bayan acaɓa. Shi kuwa Zainulabidin gwanin danna maɓallin turawa ne.

Sai wata ƙungiya ta rubuto tana gayyatar marubucin sashen imel taro a Abuja. Wasiƙar da sunansa ta zo.

Na ce, "Zainu, ka faɗa musu ni ce."

"Haba Anti, ai rumbun na kowa ne. Suna ba komai ba ne."

Suna ba komai ba ne, amma ya ɗinka sabuwar shadda ya tafi. Ya dawo da hotuna. Na yi fushi har abinci ya daina yi mini daɗi, Uthman kuma sai haƙuri yake ba ni.

Bayan wata uku wani baƙo ya kai ƙorafi a shafin rumbun: tsohon imel da aka rubuta shekararsa da lamba biyu kawai yana kifar da manhajar. Mutane suka yi caa a ƙasan ƙorafin. Na buɗe a wayata lokacin hutun tara a makaranta, ina jiran in ga yadda marubucin zai amsa.

Ya amsa. Layi ɗaya, a gaban duniya: "Magdalena ce ta rubuta wannan sashen, ita za a tambaya."

Na binciki rumbun daga sama har ƙasa. Nan kaɗai sunana yake.