Silifas ɗin Masu Jira

Dakta yana jera takardun laccarsa a kan teburi sai shugaban sashe ya matso, ya nuna layin gaba da haɓa, ya tambaye shi wane ne wancan tsohon da ya zauna a kujerar manyan baƙi.

Mai gyaran takalmin bakin ƙofar jami'a ne. Ya sa rigar da ya fi ji da ita, ta sha guga, amma baƙin man takalmi na nan a farcensa. Kuma Dakta da bakinsa ya gayyace shi. Shekara shida ke nan, tun rasuwar matarsa, Dakta ba shi da mai hira da shi sai wannan tsoho. Masu kawo gyara a benci suke zama daga waje, a tura musu wasu tsofaffin silifas su zura kafin a gama. Shi kuwa Dakta 'yar kujerarsa daga ciki take, kusa da akwatin kayan aiki. A nan yake karanta wa tsohon littattafan mutanen da, na attajirai da barorinsu da masu zaman kaɗaici, shi kuma yana ɗinki yana tsoma baki. Sarkin Surutu yake kiran Dakta, wai an biya shi ya yi magana a aji, ya zo rumfa ya ƙara kyauta.

"Takalmina ya kawo mini," in ji Dakta.

Ashe makirufo a kunne yake. Maganar ta fita ta kowace lasifika, tar. Tsohon ma ya ji. Ya dubi ƙafar Dakta, kamar yadda yake duban ƙafar kowa, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya bi ta gefe ya fita.

Laccar a kan abota tsakanin mai shi da marar shi ce a tsofaffin littattafai. Dakta ya yi ta karantawa. A shafi na tara ya iso inda ya rubuta cewa wani masani ya ce abotar babba da ƙarami lafiya lau take, sai ranar da babba ya yi baƙi. Ɗakin ya ɗauki tafi. Masanin nan kuwa tsohon ne, ya faɗe ta wata rana da zare a bakinsa. Kunya ta kama Dakta, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Bai tsaya ɗaukar hoto ba. Ya nufi rumfar yana ta shirya ban haƙuri a ransa, yana warwarewa. Ya tarar tsohon ya cire rigar ya rataye a ƙusa, yana dukan dunduniyar wani takalmi. 'Yar kujerar ciki na nan, sai dai an ɗora mata gwangwanin gam.

Dakta ya yi sallama, ya ce, "Baba, ni ne."

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Ciro takalman in duba, kada maganarka ta zama ƙarya a gaban mutane."

Ya sa ƙafa ya turo masa silifas ɗin. Dakta ya zauna a benci, ya fara kwance igiyar takalminsa.