Ƙanƙarar Kyanwar Madam

A bazarar shekarar 1983, lokacin da cutar bushiya ta shigo ƙasar Barno tana kwantar da shanu garke-garke, babban abin da ya sha kan Malam Ibram, malamin dabbobi na Nguru, shi ne wata kyanwa.

Kyanwar ta matar Baturen da ke haƙa rijiyoyi ce, wadda gari duka ke kira Madam. Kwangilar mijinta ta ƙare, za su koma ƙasarsu, ita kuwa ta ce ba za ta taka jirgi ba sai da dabbarta. Ta sa mata suna Fanne, don haka idan ta leƙo da yamma tana kira, matan unguwa da dama ne suke waiwayowa. Ƙasar tasu kuwa ba ta karɓar kyanwa haka kawai. Sai an yi mata allurar haukan kare tun tafiya tana da sauran wata guda, sai cikakken likita, ba malami irin Ibram ba, ya duba ta ya buga hatimi, sai hotonta, sai akwatin da za ta iya miƙewa ta juya a ciki. Ko ta sauka can ma, za a killace ta watanni kafin ta ga gidan uwargijiyarta.

Ibram tun yana saurayi yake ganin shanu suna ƙetarawa Nijar su dawo ba wanda ya tambaye su komai, amma bai yi dariya ba. Baturen ne ya tayar masa da firjin ofis mai kananzir bayan ya daɗe a mace, shi ne kuma yake zuba wa motar ofis mai tun da gwamnati ta manta. Likita da allurar suna Gashua. Ibram ya yi alkawarin kai Madam da kansa.

Ana gobe tafiya sai ga Bappayo, wani dattijon Bafillatani mai ruga a arewa da Jajimaji, ya yi sallama riƙe da ƙwaryar man shanu. Ibram Babarbare ne, saboda haka wasan da ke tsakanin ƙabilun biyu ya gaje shi tun kafin a haife su.

"Bawana ya kawo gaisuwa," in ji Ibram. "Ajiye nan, ka tsuguna."

"Sadaka ce na kawo wa Babarbare," in ji Bappayo. "Na ji an ce fuskarku ta bushe, har tsagar tana neman yagewa."

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, rana, ruwan rijiya. Sai da Bappayo ya ɗauki sandarsa kamar mai shirin tafiya sannan Ibram ya tambayi garke.

"Lafiya lau," ya ce, yana kallon ƙasa. "Guda ɗaya ce dai ba ta cin ciyawa. Idonta na ɗan ruwa."

Ibram ya fahimta sarai. Mutum irin Bappayo ba ya ƙirga shanunsa a bainar jama'a, ba ya kiran sunan cuta da bakinsa, ba ya kuma roƙo. Wanda ya taso tun asuba ya bar garkensa a irin wannan shekara, ba saniya ɗaya ce ta taso shi ba. Waɗanda suka kamu sun kamu. Sauran kuwa, in aka yi musu rigakafi da wuri, za su iya tsira. A firjin nan akwai ragowar maganin, daidai na garke guda, kuma ba a san ranar zuwan wani ba. Amma tun da maganar ta zo a lulluɓe, ana iya karɓarta a lulluɓe. Ibram ya ce saniyar ta gaji da ganin fuskar mai ita ne, ya kuma ce zai biyo gobe in ya dawo daga Gashua, tun da hanya ɗaya ce. Bappayo ya yi godiya fiye da yadda alkawarin ya cancanta.

Da safe Ibram ya jera kwalaben rigakafin a babban fulas, ya danne su da duk ƙanƙarar da firjin ya iya haifarwa, domin maganin bushiya ba ya jure zafi ko kaɗan. Madam ta shiga gaba da kwandon Fanne a cinya. Da suka iso Jajimaji ya ga bakin hanyar dajin da ke zuwa rugar, ƙafarsa ta ɗan sassauta a kan totur. Madam, wadda ta iya Hausar kasuwa da ta gaisuwa, ta tambaye shi ko da matsala. Ya ce babu komai. Ya san in ya faɗa mata, mai yiwuwa ne ta ce a fara da shanun, domin ba muguwa ba ce. To amma wanda yake tafiya da man mijinta bai ga ta inda zai fara ba.

A Gashua komai ya tafi bisa ƙa'ida, wato a hankali. Likita yana taro. Da ya fito ya yi allurar, ya duba haƙoran Fanne da kunnuwanta, ya saurari ƙirjinta da nutsuwar da Ibram bai taɓa ganin an saurari na mutum da ita ba. Sannan ya ce ba zai buga hatimi ba sai an manna hoto. Mai hoton kuma bai taɓa ɗaukar kyanwa ba. Ya zaunar da ita gaban labulen da aka zana wa jirgin sama, ta tsallake, aka kamo ta, ta sake tsallakewa. Kafintan da zai yi akwatin ya auna ta tsaye da kwance, ya tambaya da gaske ko akwatin da murfi za a yi shi kamar na gawa, Madam ta ɓata rai.

Rana ta take tsaka, iska ta tsaya cak. A inuwar darbejiyar ofishin likita Fanne ta baje a kwando, baki buɗe, harshe waje, tana haki. Madam ta jiƙa hankici ta shafa mata, bai yi ba. Sai idonta ya faɗa kan fulas ɗin da ke bayan mota, wanda ta ɗauka na ruwan sha ne.

"Malam, akwai ƙanƙara? Kaɗan kawai. Ko kana bukata?"

Ibram ya dubi fulas, ya dubi matar, hawaye sun taru a idonta. Baƙuwa ce, mace ce, ta roƙa a gaban mutane, ta kuma ba shi ƙofar ƙi. A gidan da ya tashi, wannan ƙofar ba a bin ta.

"Babu komai, Madam," ya ce.

Ya buɗe da hannunsa. Ya ce a ransa rabi zai bayar, rabin zai isa. Aka naɗe ƙanƙarar a tawul aka kewaye kwandon. Da ta narke Madam ba ta ma sake roƙo ba, ta dube shi kawai, ya ƙaro. Kafin la'asar Fanne ta farfaɗo har ta lashi ƙafarta, hatimi ya hau takarda, kowa ya ce an yi nasara.

A hanyar dawowa ya tsaya a Jajimaji, wai zai duba taya. Ya zagaya baya ya tsoma hannu a fulas. Kwalaben suna iyo a ruwa mai ɗumi kamar na alwalar tsoho. Zai iya shiga dajin ya tsira wa shanun wannan ruwan banza, Bappayo ya yanka masa zakara; zai iya kuma shiga ya faɗi gaskiya. Ya daɗe yana kallon hanyar, sannan ya rufe fulas ya tayar da mota. Washegari ya aika wa Bappayo cewa magani ya ƙare, ana jiran wani daga Maiduguri. Duk kalmar da ke cikin saƙon gaskiya ce, abin da ya fi damunsa ke nan.

Maganin bai iso ba sai bayan wata ya juya, a makon da Madam za ta tashi. Ibram ne ya ɗauki akwatin Fanne zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nguru, inda za su hau zuwa Kano. Akwatin ya yi kyau: ga ramukan iska, ga kwanon ruwa, ga takardu a leda an ɗaure a hannunsa. A can ƙarshen tasha, inda warin ƙiraga ya fi ƙarfi, 'yan dako suna loda busassun fatun shanu a tarago. A gefe Bappayo yana tsaye, ya rataya hannuwa a sandarsa. Ya rame, amma ya yi murmushi.

"Babarbare ya samu uwargijiya," ya ce. "Yaya jikin baƙuwar taka? Na ji ta sha zafi a Gashua."

"Ta warke," in ji Ibram.

"Madalla. Ka ga nawa shanun ma za su Turai, a jirgi ɗaya da ita. Su ba a nemi hotonsu ba."

Ibram ya ce magani ya zo, gobe zai shigo ruga. Bappayo ya ce kada ya wahalar da motar gwamnati. Tun da gaisuwa ba ta cika sai an tambaya, Ibram ya tambayi garke.

"Lafiya lau," in ji Bappayo. "Guda ɗaya ma tana cin ciyawa."

Daga tagar jirgi Madam ta kira shi, tana nuna masa cewa akwatin yana cikin rana. Ibram ya sunkuya ya ɗauka, ya kai shi inuwa.