Sandar Fatsar Laouali

Wata goma sha ɗaya ina shaƙar ƙurar gora a ɗakinmu na unguwar Suwaidi, duk don Laouali ya gama sandar fatsarsa. Ni da shi direbobi ne, gida ɗaya muke yi wa aiki, kafili ɗaya, wato maigidan da ya tsaya mana, ke riƙe da iƙamarmu, takardar zaman ƙasa. Ni mutumin Damagaram ne, ban san kifi ba sai a miya. Shi kuwa ɗan masunta ne daga Madarumfa, ga shi Allah ya jefo shi Riyad, garin da ko kwaɗo sai ya yi tambayar hanya kafin ya sami ruwa.

A wurin kafilinmu Abu Shakir ne Laouali ya ga irin sandar. Mutumin kan tafi ƙasashen sanyi kamun kifi da ƙudan ƙarya na gashin tsuntsu, ya dawo da hotuna. Wata rana tasa ta tsage ya jefar, Laouali ya tsinta ya warware ta, ya ga ashe gora ce aka tsaga gida shida, aka fere kowace tsaga, aka haɗe da gam. Daga ranar ciwon yin irinta ya kama shi.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya baje tabarma ya hau firar gora da wuƙa. Ya ɓata gora ta fi a ƙirga. Zafin garin nan ya busar masa da gam tun kafin ya haɗa, sau biyu. Na ce masa, "Kai, ka shiga kanti a Ulaya ka sayi ta roba ka huta mana."

Ya ce, "Inuwa, ba ka gane ba. A gidanmu, kayan kamun kifi na fari da ɗa ya yi da hannunsa, ubansa yake miƙa wa. Yayyena duk sun kai nasu. Ni na gudo tuƙi. Baba Maulud kullum muka yi waya sai ya tambaya."

Tsohon ya haura tamanin, idonsa ya fara hazo. Abin da Laouali ke so ke nan, sandar ta shiga hannun ubansa a hutun bana.

Ranar da ya naɗe zobe na ƙarshe da zaren siliki, ya shafe ta da man sheƙi, ni da nake tsangwamarsa sai da na yaba. Ta yi kyau, wallahi. In ya girgiza ta sai ta lanƙwasa ta dawo ba ko ƙara. Saura kwana tara ya tashi zuwa gida.

Sai ya ce zai kai wa maigida ya sa albarka.

Na ce, "Wane maigida? Kafili ne, ba kawunka ba ne."

Ya ce ai ba a gama aiki a ƙarƙashin inuwar mutum a fice da shi a ɓoye kamar kayan sata, haka aka tarbiyyantar da shi. Na bi shi ne don haushi, na tsaya bakin ƙofar majalisa.

Abu Shakir ya karɓa, ya juya ta, ya ɗaga ta sama. "Masha Allah, ya Lawali. Kai ka yi wannan?" Ya yi ta yabo. Laouali kuwa kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da kowane ɗan mutunci ke faɗa a gida in babba ya yaba kayansa: "Ai taka ce, ranka ya daɗe."

Kada wani ya ce mini Balaraben bai san kara ba. Su ma suna yi a junansu, na sha gani, kuma wanda aka yi wa tayi yakan ƙi. Amma akan mayar wa tsara ne, ba a mayar wa direba. Abu Shakir ya dafa ƙirji ya ce, "Hadiyya maƙbula," wato kyauta ta karɓu, ya kira mai aiki ta kawo ƙusa.

Laouali bai nemi a mayar masa ba. Bizar fitarsa tana hannun mutumin, kuma ko ba haka ba, na san shi, gara ya haɗiye wuƙa da ya ce a dawo masa da kyauta. Shi da kansa ya riƙe kujera aka hau aka rataye ta a bango.

Na zage shi tun daga gidan har ɗaki, har yau kuma ina jin zafin abin, ina kuma jin kunyar zagin.

Washegari ya kira gida, ina zaune. Da ni ne da na yi ƙarya, na ce ta karye. Shi gaskiya ya faɗa, tiryan-tiryan, ya ƙara da cewa kafili ya yi alkawarin kawo gora mai kyau, zai yi wata sandar kafin baɗi.

Muna jin kukan awaki ta wayar.

"Kada ka wahalar da kanka, Laouali," in ji tsohon. "Ta biyu ta kasuwa ce. Ka gaishe mini da baban naka."