Mai Gyaran Fili a Baƙi'a

Jaka ɗaya. Riguna, wando, takalmin aiki da jar ƙasa maƙale a tafinsa. Hular ƙungiya mai hoton kifi. Fasfo da iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya. Man shafawa na ciwon gwiwa da Baba ya ce in taho masa da shi duk ranar da zan zo. Jakar tana kan cinyata a cikin bas ɗin Jidda zuwa Madina. Ban yi barci ba, ban kuma kalli hanya ba.

An riga an binne Baba. A Madina ba a jira. Ya rasu da hantsi, aka yi masa salla a Harami bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Lokacin ina kwance a wani gari a tsakiyar Amurka.

Baba ne ya tura ni can karatun haɗa magunguna, irin nasa. Na gama. Sai dai tun ina ɗalibi nake aiki a filin besbol na garin, da na gama kuma ban bari ba. Ba babban fili ba ne. Bayan katangarsa layin dogo ne da masana'antar abincin kaji. Ƙungiyar ta ƙaramar gasa ce, inda ake ajiye samari a ga ko za su kai babbar. Yawancinsu ba sa kaiwa. Ni ba na wasa, ƙasa nake gyarawa. In jiƙa ta, in ja ta da manjagara, in daddale tudun da mai jifa yake tsayawa, in zana farin layi. Da yamma su tattake, da safe in sake. Maigidana tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya ce in je in yi makoki, amma idan gasa ta buɗe ban dawo ba, zai ɗauki wani.

Ƙanwata Lubna ce ta buɗe mini ƙofar gidanmu a unguwar Jurf.

"Azzamallahu ajrak," ta ce, tana yi mini ta'aziyya. Tana jin Hausa, da Larabci take amsawa. Hausar tata ta gori ce. Ta dubi takalmina. "Mai shara ya iso."

Umma tana zaune a ƙasa a ɗakinta. Ta shiga takaba, ba za ta fita ba sai bayan wata huɗu da kwana goma. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta yi kuka ba.

"Sufyanu, ka ci abinci?"

"Na ci a jirgi."

"Mata ba sa shiga Baƙi'a, ka sani. Ka je da kawunka ya nuna maka wurin. Ka riƙe shi da kyau. Idan na fita takaba, ka kai ni bakin shinge ka nuna mini da hannu."

Ranar da za ta fita, gasa ta wuce rabi. Ban faɗa mata ba. Lubna ta faɗa.

"Yana da fili a can, Umma. Ciyawa tana jiransa."

Ana buɗe Baƙi'a bayan la'asar. Kawu Ashafa, ƙanin Umma, malami ne a jami'a, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Muka shiga tare da jama'a. Babu suna a kan kowane kabari. Tudun ƙasa ne da baƙin dutse, sai wani tudun da wani dutsen, har iya ganin ido. Tattabaru suna yawo a tsakani.

Kawu ya yi ta tafiya har can ƙurya, inda ake sababbin binnewa. Ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake tsayawa.

"Wannan layin ne, babu shakka."

"Wanne a ciki, Kawu?"

"Ranar gawa biyar aka shigo da su lokaci ɗaya. Ya'ani cunkoso, kowa yana zuba ƙasa." Ya nuna da carbinsa. "Ko wannan, ko na gefensa. Ko na gaba kaɗan."

Na duba. Duk sababbi ne, duk ƙasa ɗaya, duk an yayyafa musu ruwa sun bushe tare. Babu abin da zan karanta a jikinsu.

Kawu ya yi musu sallama ya fara addu'a. Ni ma na ɗaga hannu. Idona ya sauka a kan kabarin da ya fara nunawa. Gefensa ya zabtare, wani ya taka shi, sawun takalmi ya fito sarai. Ban yi tunani ba. Na durƙusa na tattaro ƙasar da ta zube, na cike sawun. Ta yi bushewar da ba za ta kama ba. Na ɗauki gorar ruwan da Kawu ya ajiye, na yayyafa kaɗan, na jira ta sha, na shiga dannawa da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama, yadda nake yi wa tudun mai jifa. Tun da aka yi mini waya, sai a lokacin hannuna ya san abin da yake yi.

"Ya Haj! Mamnu'!"

Mai gadi ne, yana cewa an hana. Ya kama kafaɗata ya ɗaga ni. Ya buɗe tafin hannuna, ya zazzage aljihuna ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauka ina cikin masu ɗibar ƙasar Baƙi'a su kai gida don neman albarka. Mutane suka tsaya kallo.

Kawu ya yi masa bayani da Larabcinsa na aji. Ɗan mamaci ne, yau ya sauka, sana'arsa ce.

"Sana'arsa gyaran kabari?"

"A'a, filin wasa."

Mai gadin ya dube ni, ya dubi Kawu. "Wannan kabarin ubansa ne?"

"Ko shi, ko na gefensa," in ji Kawu.

Ya raka mu har ƙofa.

A mota Kawu bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa gida ya yi magana.

"Tun kafin a haife ka nake garin nan, ba a taɓa korata daga Baƙi'a ba. Ai da sai ka zo da farin fentin naka ka zana masa layi."

Umma tana inda na bar ta.

"Ka gani?"

"Na ga layin. Kabarin ban sani ba. Kawu ma bai sani ba."

Ta kama hannuna ta juya shi. Ƙasa ta shiga ƙarƙashin farce.

"Wannan ta wace ce?"

"Ban sani ba, Umma."

Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta sake shi.

"To ka zauna. Ko layin ne ka nuna mini."

"Kawu ya san layin. Ya fi ni saninsa."

"Ba Ashafa na tambaya ba."

Lubna tana tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi. Ta matsa ta ba ni hanya.

Na wanke hannu a banɗaki. Na fita na tari tasi zuwa titin Sultana. Ba a kira magariba ba tukuna, shaguna a buɗe. Na shiga shagon waya, ɗan Sudan ɗin da ke kan tebur ya nuna mini kabina ta ƙarshe, ɗan ɗakin da ake shiga a yi kira. A Amurka safiya ce. Na san tsohon maigidana yana ɗakin kayan aiki, yana jiran raɓa ta bushe. Wayar ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka. Ya tambayi mutanen gida. Na ce suna lafiya. Ya tambaye ni abin da na yanke.

Hayaniyar titi tana shigowa. Na ja ƙofar kabinar na rufe.

"Kada ka ɗauki kowa," na ce. "Ina nan tafe."