Fil a Bakin Tela

Tela bai ji labarin a rediyo ba, daga bakin maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya ji shi, wanda dama ya fi rediyo sauri. Hantsi ya ɗaga, yana kan keke yana haɗa hannun wata riga, sai mutumin ya leƙo ya tambaye shi ko Dogo direban babbar mota ya zo ya karɓi kwat ɗinsa. Tela ya nuna masa ita da haɓa, tana rataye a ƙusa, an gama komai sai maɓallai. Mai agogo ya ce to ya fara neman wani dogon da za ta yi wa daidai, don wancan jiya aka binne shi. Kuma ba danginsa suka binne shi ba, mutanen asibiti ne masu fararen kaya har ka. Zazzaɓin nan ne da ake ta faɗa, mai sa jini ya ɓalle ta hanci da dasashi.

Ƙafar Tela ta tsaya cak a kan keke.

Makon jiya Dogo ya zo gwaji. Ya shigo gumi na tsatso masa, ido jawur, ya ce gajiyar hanya ce. Tela ya hau kujera don ya kai kafaɗarsa, bakinsa cike da fil kamar kowane tela tun da aka fara ɗinki. Yana cikin kama wuyan kwat ɗin sai Dogo ya yi wata makyarkyata, fil ya soke shi a ƙeya. Dogo ya ce shi ɗinki ya kawo, ba rigakafi ya zo ba. Tela ya ce ƙato kamarsa yana raki a kan tsinin fil. Suka yi dariya. Ɗan jinin ya ƙi tsayawa, ya gangara cikin riga, Tela ya share da babban yatsa. Fil ɗin kuwa ya mai da shi inda ya fito, tsakanin leɓɓansa. Har ɗanɗanon ya tuna yanzu, gishiri-gishiri da ƙarfe.

Mai agogo bai san wannan ba. Ya ci gaba da zuba, ya ce ma'aikatan lafiya sun shigo layin tun safe, shago-shago suke bi suna tambayar wanda ya yi hulɗa da mamacin. Mai wankin mota da ke kusurwa har ya rantse bai taɓa ganin mutum mai tsawo ba a rayuwarsa. Ya rage murya ya ba Tela shawara irin ta maƙwabta: ya cusa kwat ɗin ƙarƙashin tebur, in sun zo ya ce awo kawai ya yi. In ba haka ba za su garƙame shagon, kuma ko an buɗe, ba mai sake miƙo masa ƙugu ya auna.

Tela ya ga gaskiyar maganar. Ya san mutane. Ya sauke kwat ɗin da sanda, ya tura ta bayan ƙyallaye.

Ba a jima ba wata ma'aikaciya ta tsaya a bakin ƙofa, hanci da baki a rufe, hannu cikin safa. Ba ta shigo ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta kira shi Baba, ta tambayi abin da ya haɗa shi da direban. Ya ce awo ne, daga nesa-nesa, shi ma a tsaitsaye. Bakinsa bai ko yi rawa ba, mutumin da ya shekara da shekaru yana ce wa masu kaya su dawo gobe. Ta ce to alhamdu lillahi. Ta ƙara da abin da take faɗa wa kowa: wanda bai fara jin komai ba ba ya sa wa wani, amma da zarar kai ya fara sara ko jiki ya ɗau zafi, to guminsa da yawunsa abin gudu ne, ko ga matarsa ta aure. Ta wuce shagon gaba.

Kalmar yawu ce ta zauna masa a ƙirji.

Matarsa ce ke ɗinka masa maɓallai a gida, hannunta ya fi nasa kyau a wannan aikin. Sai dai idonta ya yi rauni, ba ta ganin kafar allura. Saboda haka kullum da safe kafin ya fita yakan zauna kusa da taga, ya lashi bakin zare ya murza, ya zura mata allurai jeri guda, ya soke su a hannun kujerarta. Ita kuwa ba ta san almakashi ba, da haƙori take yanke zare, ta kuma bi shi da leɓe in ya nannaɗe. Tun suna da ƙuruciya yake mata faɗan za ta ƙarar da haƙoranta, tana ce masa nata ne.

Yau ma ya zura mata. Kuma yau ya tashi da wani nauyi a bayan idanunsa, ya ɗora laifin a kan tsufan tabarau.

Ya taɓa goshinsa da bayan hannu. Bai gane komai ba, hannun da goshin duk ɗumi. Ya taɓa ƙarfen keke, ya sake taɓa goshin. Ya ce wa ransa rana ce, rufin kwano ne, tsoro ne. Ya ɗauki waya ya kira matarsa. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, ya san wayarta tana can kicin cikin kwandon albasa inda ake mantawa da ita. Ya sake kira. Yawu ya taru masa a baki, ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar, in ya tofar kuma a ina.

Ya fito bakin ƙofa. Mai agogo ya ɗago ya girgiza masa kai, ya yi masa alama da ido ya koma ciki.

"'Yata," Tela ya ƙwala wa ma'aikaciyar kira. "Dawo. Ban gama ba ki amsa ba."

Ta saurare shi har ƙarshe ba ta ce masa don me ba. Ta nuna masa abin awon zafi a goshi, ta duba, ba ta faɗi lambar ba, sai ta miƙo masa takunkumi a kan tsinin yatsu ta ce kada ya ƙara taɓa kowa. Kafin ya ɗaura, mai agogo ya riga ya ja kujerarsa ciki. Tela ya roƙi abu ɗaya, motar da za ta ɗauke shi ta bi ta gidansa kafin asibiti.

Suka tarar da tagar falo a buɗe. Tana zaune a kujerarta, farar riga a cinya, ta sunkuya tana kai zare baki.

"Tsohuwa, ajiye allurar nan."

Ta ɗago tana ƙifta ido, ta tambayi wane ne wannan mai muryar mijinta da ƙyalle a fuska. Ya ce ta ajiye tukuna, kada ta ciza. Ta ajiye. Daga tsakiyar tsakar gida, inda aka ce ya tsaya, ya gaya mata komai, Dogo da fil da ciwon kai. Yana magana yana leƙen hannun kujerar. Da safe ya bar shi cike da allurai. Yanzu saura biyu.

Ta kai yatsa za ta taɓa leɓenta, ta fasa. Ma'aikaciyar ta yi mata bayani a hankali, cewa za a riƙa zuwa ana duba ta safe da yamma, kada ta fita, kada jikoki su zo. Shi kuma sai an gwada jininsa za a sani.

"Na ga idonka da safe," matarsa ta ce. "Na ɗauka barci ne bai ishe ka ba."

Ta miƙe za ta ɗauko masa bargo, aka ce akwai a can. Ta taho wajen ƙofa, ya ɗaga mata hannu, ta tsaya a dokin ƙofar.

Da ya hau motar, haƙoransa suka fara haɗuwa. Ya damƙe muƙamuƙinsa da ƙarfi don kada ta gani, har aka rufe ƙofa.