Kitso Mai Tagogi

Auta tana koyar da tuƙin mota, kuma a da ba abin da ke firgita ta. Ta zauna kusa da masu taka totur a maimakon birki, ta ga wanda ya saki sitiyari ya rufe ido, ita kuwa sai dai ta taka birkinta na gefe ta ce, "Mu sake."

Sai ga shi wata rana da hantsi, ita da wata ɗaliba suna tsaye a danja, ba hatsari ba komai, zuciyarta ta hau bugu kamar za ta fasa ƙirji. Hannu ya jiƙe da gumi, numfashi ya ƙi shiga, ta tabbata mutuwa ce ta zo ɗaukarta a gaban ɗaliba. Jim kaɗan abin ya wuce. Amma ya gane hanya, ya riƙa dawowa, har ganin motar ma ya zame mata abin tsoro. Ta ɗauki hutu. Mai makarantar tuƙin ya ce zai jira ta, amma motar ba za ta dawwama a inuwa ba.

A gida ta gwada faɗa. Mama ta ce zafi ne, ta sha ruwa. Kawu ya ce tunani ne ya yi mata yawa, ta daina. Sai ka ce tunani famfo ne da ake murɗawa a kashe! A gidan nan, ciwon da bai zo da zazzaɓi ko jini ba sangarta ce sunansa, auta kuwa dama an yanke mata hukunci tun tana goye. Ta ja bakinta, ta tafi asibiti ita kaɗai.

Likita ta auna zuciya ta ce lafiya lau take. Wannan firgici ne mai zuwa farat ɗaya, ɗan gidan ciwon fargaba, kuma ana magance shi. Ta haɗa ta da mai ba da shawara don zaman tattaunawa, sannan ta ce akwai wani horo da za ta iya ƙarawa in tana so: a manna ƙananan wayoyi a fatar kai, na'ura ta riƙa bin motsin ƙwaƙwalwa tana nuna mata a allo.

"Ba wuta na'urar take sa miki ba, saurare kawai take," in ji likita. "Wasu sun ji daɗinsa, wasu kuma a'a, bincike bai gama magana a kansa ba. Kada ki bar tattaunawar saboda shi."

Auta ta yarda ta gwada. Ɗakin horon ƙarami ne, da kujera mai laushi da allon kwamfuta mai hoton 'yar mota a kan titi. In hankalinta ya lafa motar ta tafi, in ya tashi ta tsaya cak.

"Ni da nake koya wa jama'a tuƙi," ta ce da ma'aikaciyar ɗakin, "yau motar zane ta ƙi tasar min."

Matsalar ɗaya ce: wayoyin sai sun taɓa fata. Ma'aikaciyar takan tsefe ɗan kitson tsakiyar kai, ta shafa wani mai mai danƙo, in an gama ta mayar da kitson iya iyawarta. Iyawar kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Kan Auta kuma yana da mai shi. Yayarta mai kitso ce, tun Auta na rarrafe ba hannun da ya shiga gashin nan sai nata. Ranar kitso Auta ta zauna tsakanin gwiwoyinta a shago, ta cire ɗankwali. Tsinken Yaya ya tsaya.

"Auta. Wa ya taɓa min kai?"

"Kan wa? Ai a wuyana yake."

"Kada ki raina min hankali. Wannan ba hannuna ba ne. Dubi, sai ka ce ɓera ya yi wasa a ciki. Ga wani mai kuma kamar gam. Wajen waccan ta bakin titi kike zuwa ko? Mai madubi har rufi?"

"Yaya, wallahi..."

"In na tsufa ne ki faɗa min a fuskata!"

Matar da ke jiran layi ta gyara zama, ta sami kallo kyauta. Auta ta ji abin yana tasowa, ƙirji da gumi, ƙofa kuma ta yi nisa. Ƙarya na nan kusa: ta ce e can ta je, Yaya ta yi fushi ta huce. Amma gobe fa? Ko dai ta bar asibitin, ko ta ci gaba da zuwa kamar ɓarauniya. Sai ta yi yadda aka koya mata, ta bar abin ya zo, tana sakin numfashi sannu sannu.

"Ke, jikinki rawa yake," in ji Yaya, murya ta sauka.

"Shi ne abin, Yaya. Shi ya raba ni da mota."

Da ya lafa ta zayyana mata komai, danja da likita da 'yar motar zane. Yaya ta ajiye tsinke.

"Shi ne kika bari ana ce miki sangartacciya?"

"Ai ke kika fi kowa faɗa."

"To na janye, sai me?" Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki tsinke. "Ina da ina suke mannawa?"

Auta ta nuna da yatsa. Yaya ta tsaga, ta kewaye kowane wuri da kitso siriri, ta bar fata a buɗe kamar taga.

"Ki gaya wa baiwar Allahn nan ta tsaya a kan wayoyinta. Kitso ba gonarta ba ce. Mama kuma ki bar ni da ita."

Ciwon bai tattara ya tafi ba, amma ya rage zuwa, in ya zo kuma ba ya daɗewa. Ranar da Auta ta koma aiki, a wani fili babu kowa, ɗalibar farko Yaya ce, ita ta nace. Ta riƙe sitiyari kamar kan yaro mai ƙin kitso, ta taka totur a maimakon birki.

Zuciyar Auta ta buga. Ta taka birkinta na gefe, ta ɗan saurara ta ji wane irin bugu ne. Ba na ciwon ba ne, na duk wanda ya zauna kusa da Yaya tana tuƙi ne.

"Mu sake," ta ce.