Shaidar Wuta a Wuyan Taguwa

Shekarar da aka sa hannu kan zaman lafiya, rediyo ya ce duk 'yan tawayen da suka ƙi ajiye bindiga, gwamnati za ta ƙwace dukiyarsu duk inda take. Mutanen Gure suka yi dariya, don dukiyar mutanen daji ba ta kwana a banki, ƙafa huɗu gare ta. Ashe gwamnatin ma ta san haka. Ran kasuwa sai ga jandarmomi suna bin raƙuma ɗaya ɗaya suna duba shaidar wuta a wuya.

Nan labari ya iske Manzo dillali. Taguwoyin amininsa Isa suna can ɗaure a garkarsa cikin kwari, amanar da ya bar masa kafin ya bi 'yan tawaye. Kowacce na ɗauke da shaidar gidansu Isa, wadda ko makaho ya shafa zai gane.

Manzo mutum ne mai dabara, irin dabarar da ba ta jin shawara. Ya hura gawayi, ya sa ƙarfe.

"Malam, a bar wutar nan," in ji matarsa Zaliha. "Aika wa Isa tukuna."

"In aiki wa? Ceton dabbobinsa zan yi."

Ya ɗora shaidarsa a kan ta Isa har ta ɓace. Da jandarmomi suka zo, suka duba, suka sha ruwa, suka hau motarsu. Manzo ya yi ta murna har da tsokanar Zaliha.

Ƙunar ba ta gama warkewa ba wani baƙo ya sauko kwarin da hantsi, daga wajen Alakoss, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Ya ƙi tabarma, ya ƙi ruwa. Ya wuce wajen taguwoyin, ya bi tabon da yatsa a hankali.

"Isa na gaishe ka," ya ce.

Tsoro ya kama Manzo sosai. Ya shiga bayani, ga rediyo, ga jandarmomi, ga rantsuwa, har bakinsa ya bushe. Baƙon ya saurara har ƙarshe, sannan ya gyara rawaninsa.

"Zan faɗa masa yadda ka faɗa. Amma a wajenmu mutum biyu ke ɗora wuta kan wutar wani: magaji da ɓarawo. Isa kuwa da ransa."